Shekarar da Maganar Teku Ta Zo Damba

Sun ce ba za a taɓa yi ba. Abokan zamana na Sabon Gari, waɗanda muke haɗuwa bayan la'asar a shagon Alhaji Mamman mai yadi, sun ce ba a taɓa jin an sasanta rikicin teku a garin da gulbinsa kan ƙafe da rani har a bi ta cikinsa da jaki ba. Tsofaffin abokan aikina na Legas sun ce dattawan masunta biyu da ke rikicin ba za su yarda su shiga mota ɗaya ba, balle su kwana a gida ɗaya. Manyan da ke sama sun ce al'amari ne na ƙasa da ƙasa, wanda ba a buɗe shi sai a ɗaki mai tutoci, ba a zauren tsohon da ya riga ya ajiye aiki ba. Ke ma, Hafsatu, babbar 'yata, kin ce ba za a yi ba, ko da yake naki dalilin dabam ne, kuma saboda shi na ɗauki alƙalami. Na san abin da ku 'ya'yana kuka riƙe a zuciya game da wannan shekara. Kun riƙe cewa na cika gida da baƙi alhali Innarku tana kwance, kuma na jinkirta kai ta asibitin Zariya domin neman suna. Ba wanda ya taɓa faɗa mini wannan a gabana, don tarbiyyarku ba ta ba ku ba, amma uba yana jin abin da ba a faɗa. Ga yadda abin ya kasance.

Ni haifaffen Tsafe ne, ban ga ruwan da ya fi gulbi ba sai da gemu ya fito mini. Faransancin da na koya a makaranta, a zamanin da ake koyon abu har ya zauna, shi ya kai ni aikin tafinta a sashen kula da kamun kifi, aka ajiye ni a gaɓar teku, daidai inda Najeriya ta haɗu da Jamhuriyar Benin. A tudu iyaka tana da turke da shinge da mai gadi. A ruwa babu ko ɗaya daga cikinsu. Kifi yana bin sanyin ruwa, iska tana kai kwalekwale inda ta ga dama, masuntan ɓangarorin biyu kuwa mutane ɗaya ne, harshensu ɗaya, suna auren juna tun kafin a ja layin da ya raba su. Sarkin masunta na ɓangarenmu shi ne Baba Hunsu, gajere mai faɗin ƙirji da saurin fushi. Na can kuwa Baba Dosu, dogo, mai magana a hankali kamar yana auna ta. Shekaru masu yawa na zauna tsakanin jami'an ƙasashen biyu, dattawan nan suna gefe, ana daidaita inda kowa zai jefa taru, da kasuwar da matan kowane ɓangare za su kai bandar kifi, da inda za a sayi mai da zare. Ban ce aikina ya hana faɗa ba. Amma na san yadda ake ɗaukar magana mai zafi daga wannan baki a kai ta wancan kunne ba tare da an ƙara mata wuta ba, kuma ba tare da an yi ƙarya ba.

Na ajiye aiki shekara guda kafin a ba mu jiha, muka dawo gidan nan na Damba kusa da Gusau, ni da Innarku Hajiya Rabi. Ba mu daɗe ba ciwo ya kama ta. A can kuma, bayan tasowata, wata guguwa ta kora kwalekwalen mutanen Baba Hunsu zuwa ruwan maƙwabta, 'yan sintirin can suka kama jiragen da samarin da ke ciki. Namu suka rama a kan mutanen Baba Dosu. Kasuwannin gaɓa suka rufe wa juna ƙofa, murahun banda suka yi sanyi, aka tsare 'ya'yan mutane can da nan. Dattawan biyu suka rantse ba za su ƙara yi wa juna magana da harshen iyayensu ba. In an zauna, Baba Hunsu ya yi Turanci, Baba Dosu ya yi Faransanci, tafintocin da suka gaje ni su isar da kowace kalma da ƙayarta. Daga ƙarshe kowannensu ya ce ba zai sake zama ba sai in Malam Tafinta ne a tsakani. Ni ke nan.

Ana gab da Babbar Sallah wani jami'i ya zo har zaurena da wannan saƙo. Ya ce lokacin guguwa ya sake kusatowa, in ba a yi wani abu ba za a ƙara kama wasu. Na saurare shi har ya gama, na gode masa, na ce iyalina ba ta da lafiya, ba inda zan je. Na ɗauka maganar ta ƙare a nan. Na manta cewa tagar ɗakin Hajiya tana kallon bayan zaure.

Da na shiga gaishe ta, sai ta ce:

"Alhaji, ɗiyan mutane ne anka kama?"

Na ce, "Su ne, Hajiya. Amma akwai hukuma."

"Autan Senami yana ciki?"

Yana ciki kuwa. Senami, Hafsatu, ita ce mai bandar kifi 'yar ɓangaren Baba Dosu da ke maƙwabtaka da mu a gaɓa. Ranar da naƙudar haihuwarki ta tashi ina can wurin taro, babu dangi ko ɗaya kusa da Innarki. Senami ce ta bar kifinta a kan wuta ta shigo, ita ta karɓe ki, ita ta yi miki wankan farko.

Hajiya ta ce, "To, in kai ba ka tafiya, su su taho."

Na yi dariya. Na ce tafiyar yini biyu ce, kuma ga maganar Zariya bayan Sallah.

Ta dube ni ta ce, "Alhaji, ina zaune likita ya gaya maka abin da ya gani. Zariya za mu je don hankalin yara ya kwanta, ba don wani abu ba. Ni na san haka, kai ka sani. Ka bar ni in yi wani abu da sauran kwanana. Kuma kar ka gaya musu. Gara su ji haushinka da su fidda rai da ni tun ina numfashi."

Wannan ita ce maganar da na riƙe duk waɗannan shekaru. Likitan Gusau ya riga ya gaya mana, mu biyu, cewa ciwon ya wuce inda magani yake kaiwa. Ita ta zaɓi a jinkirta tafiyar, ita ta kira baƙin, kuma ita ta ɗaure bakina. Da na sanar da ku cewa baƙi za su zo bayan Sallah, Hafsatu, kin tsaya a bakin ƙofar madafa da ludayi a hannunki, kika ce da ni cikin ladabi:

"Baba, Inna ce a kwance."

Na ce na sani. Kika jira in ƙara wani abu, ban ƙara ba. Daga ranar gaisuwarki gare ni ta gajarce, kuma ba ta ƙara komawa tsawonta na da ba.

A Tsafe na tarye su, domin ta nan hanya ta biyo, kuma ina so su fara taka ƙasar haihuwata. Motoci biyu suka iso, kowace da dattijonta da jami'in ƙasarsa. Bazara ta yi tsanani, duwatsu suna fitar da zafi kamar an hura su. Baba Hunsu ya sauko, ya rungume ni, ya dubi gabas ya dubi yamma, ya ce da Turanci, "Malam, ina kuka ɓoye ruwanku?" Na tafi wajen ɗaya motar, Baba Dosu ya riƙe hannuna ya daɗe, sa'an nan ya tambaye ni da Faransanci ko mutanen nan suna da wani wurin da suke ajiye ruwa. Tambaya ɗaya, tsakaninsu taku kaɗan, amma ko kallon juna ba su yi ba. A wannan kam abokaina na Legas sun yi gaskiya.

Na sauke su a ɗakunan waje guda biyu masu kallon juna, jami'an kuma suka sauka a masaukin gwamnati. Kowace safiya a shimfiɗa tabarmi a zaure. Baba Hunsu ya ce, "Ka gaya masa mutanensa ne suka fara." In juya in faɗa. Baba Dosu ya ce, "Ka gaya masa wanda ya kama ɗan maƙwabci don ramuwa ya fi wanda ya fara laifi." In juya in faɗa. Gwiwoyinsu sun kusa haɗuwa a kan tabarma, amma maganarsu sai ta bi ta bakina. Duk dabarar da na tara a aiki na fito da ita. Na tuna musu da shekarun da kasuwannin biyu suke cika, da bikin da suka taɓa aurar da jikokinsu ga juna. Ba abin da ya motsa. Kowane ya ce a fara sakin nasa. Jami'an suka fara duba agogo, ɗayansu ya ja ni gefe ya ce ko a shirya komawa. A cikin gida kuwa kuna ta girki da ɗebo ruwa cikin wannan zafi, Hajiya tana kwance tana tambayar kowane kwano da ya dawo, wa ya ci, wa ya rage.

Ana cikin haka sai ga kawunku Bawa, ƙanen Hajiya, daga Kekun Waje a kan kekensa, da kwando a ɗaure a baya. Kun san shi da baki. Tun ranar da na auri yayarsa bai taɓa kirana da wani suna ba sai Bature.

"Bature, an ce ka tara sarakunan kifi kana ba su naman rago? Wanga abin kunya da mi ya yi kama?"

Na ce, "Bawa, mutanen nan sun bar kifi a gida."

"Shi ya sa kewarsa ta kama su. Mun yi kamun kifi a gurbin gulbi shekaranjiya, na zaɓo musu manya. Da hannuna na yi bandar."

Ya buɗe kwandon. Tarwaɗa ce, an yi mata banda irin ta mutanenmu, wato a tara ciyawa da kara a cinna wuta a jefa kifin a kai har ya yi baƙi. Mu a nan muna ci mu gode Allah. Amma ni da na zauna a gaɓa na san abin da idon masunci zai gani: waje ƙone, ciki ɗanye, ga ƙaurin ciyawa. Na gode masa da kyau, na ɗauki kwandon na shiga ciki da niyyar a ɓoye shi, ko a narkar da shi cikin miya yadda ba mai ganewa. Hajiya ta ce a kawo ta gani. Ta ɗaga guda ɗaya, ta juya shi, na ga gefen bakinta ya motsa.

Ta ce, "A kai musu haka nan. Kar a sa a miya. Faifai guda, a aje tsakiyarsu."

Na ce, "Hajiya, za su raina mu."

"Su raina. Kai dai kai musu."

Na kai da kaina, Bawa yana bina a baya yana gyara hula. Na ajiye faifan a tsakiyar tabarma, na ce tsarabar surukina ce daga gulbinmu. Dukansu suka yi godiya, kowa da harshen da ya ara. Baba Dosu ya miƙa dogon hannunsa ya ɗauki ɗaya. Ya shinshina. Ya danna cikinta da babban yatsa, ya karya ta biyu, ya daɗe yana kallon tsakiyar. Na ga yana ƙoƙarin haɗiye maganar da ke bakinsa don kunyar mai gida, amma mutumin da ya yi shekara saba'in yana kallon kifi a kan wuta bai iya ba. Sai wata 'yar gajeriyar kalma ta kuɓuce masa, ƙasa-ƙasa, da harshensu. Baba Hunsu, wanda idonsa ke kan kifin tun da aka ajiye, ya amsa kafin ya tuna da rantsuwarsa. Ya karɓi rabin daga hannun Baba Dosu, ya nuna masa wani wuri kusa da ƙaya, ya girgiza kai. Baba Dosu ya nuna tsawon harshen wuta da hannu. Baba Hunsu ya ce a'a, ya fi haka, ya ɗaga nasa hannun sama. Daga nan magana ta ɓalle kamar an fasa madatsa. Suna katse juna, suna nuna kifin, har Baba Hunsu ya yi wata dariya da ta sa shi tari, Baba Dosu ya bubbuga masa baya.

Jami'in ƙasarmu ya matso ya ce mini, "Me suke cewa?"

Ni kuwa a harshen nan ban wuce gaisuwa da sunayen kifi ba. Na ce, "Ban sani ba." Tun da na fara aiki ban taɓa furta wannan kalma a wurin taro ba, kuma ban taɓa jin daɗin wata kalma kamarta ba.

Bawa ya taɓo ni. "Bature, sun yaba ko?"

Kafin in nemo amsa, Baba Hunsu ya juyo ya ce da Turanci, shi da ɗan'uwansa suna roƙon a kai su inda aka yi wannan aiki. Shi da ɗan'uwansa, haka ya ce. Na gaya wa Bawa suna son ganin wurin da idonsu. Ya ce ai ya sani, duk wanda ya ɗanɗana sai ya nemi hanya.

Washegari muka nufi Bungudu, muka gangara Kekun Waje. Dattawan ba su tsaya gaisuwa mai tsawo ba. Suka sa aka haƙo musu yumɓu daga bakin gulbi, suka tuɓe manyan riguna, suka durƙusa suna gina murhun banda irin na gaɓa, zagayayye mai tsayi zuwa ƙugu, da ƙaramar ƙofar wuta a ƙasa, da sanduna a gicciye a sama inda kifi zai sha hayaƙi ba tare da wuta ta taɓa shi ba. Sun yi ta gardama a kan faɗin ƙofar kamar gardamar ita ce abincinsu. Bawa ya tsaya hannu a ƙugu, ya fara gane inda aka dosa.

"Wato dai kifina bai yi ba?"

Na ce, "Sun ce kifin yana da kyau. Wutar ce ta yi gaggawa."

"Kai Bature! Yau ka fassara mini gaskiya ko ka rage mata gishiri?"

Na ce na rage kaɗan. Ya yi dariya, ya tuɓe tasa rigar, ya shiga cikin yumɓun.

Da rana ta take, muka fake a inuwa. A cikin rairayin gulbi akwai rijiyoyin da mutanen gari kan haƙa da rani. Wasu makiyaya suka gangaro da shanu, kana ganin rawunansu ka san daga Nijar suka fito. Suka yi sallama, suka ja ruwa suka zuba a komi, shanu suka sha. Baba Dosu ya tambaya ko mutanen garin ne. Na ce baƙi ne daga wata ƙasa. Ya ce, to wa ya haƙa rijiyar? Na ce su Bawa. Dattawan suka dubi juna, Baba Hunsu ya ce in tambayi Bawa ko ba a kama shanun.

Bawa ya ce, "A kama su don mi? Ƙishirwa ta kawo su. Su sha su wuce. Mu ma shekarar da anka yi fari, can arewa munka kai bisashenmu. In dai saniya ta shiga gona ta ci, wannan magana ce dabam, sai a kira ardo da mai gari su zauna. Amma ba a haɗa wanda ya zo sha da wanda ya zo ci."

Na fassara wannan sau biyu, da Turanci da Faransanci, ban rage ko ƙara komai ba. Dattawan suka koma harshensu. Baba Dosu ya ɗauki tsinke ya ja layi a kan rairayi, Baba Hunsu ya ɗauko tsakuwa ya sa a wannan gefe, ya tura ta zuwa wancan. Sun daɗe a haka, yumɓu yana bushewa a hannuwansu.

Da muka koma Damba suka kira jami'an, wannan karo suka ce in fassara abin da suka riga suka gama. Jirgin da guguwa ta koro, a ba mutanensa ruwa da mai su koma, ba mai taɓa shi. Jirgin da ya tsallako da gangan ya jefa taru, dattawan ɓangarorin biyu ne za su zauna a kansa kafin a kai ga hukuma. Matan kowane ɓangare su koma kasuwar ɗayan kamar da. Samarin da ke tsare kuwa a sake su rana ɗaya, a bakin iyaka, don kada a ce wani ya riga wani. Jami'an suka ce wannan duk daidai ne, amma sai manyan biranen biyu sun sa hannu. Baba Dosu ya ce su je su sa, su dai za su koma su gaya wa mutanensu.

Ranar tafiya suka roƙi su gaida uwar gida. Aka saki asabari a ƙofar ɗakinta, suka durƙusa daga waje. Ta gaishe su da harshensu, wanda ta fi ni iyawa nesa ba kusa ba, don ita ta zauna da matan. Ta ba Baba Dosu turmin zane ya kai wa Senami, ta ce ya gaya mata ta share ɗakin autanta. Na raka su har Tsafe. A motoci biyu suka koma, kowa da jami'insa, amma sai da aka yi ta kiran Baba Hunsu kafin ya bar tagar motar Baba Dosu.

Da na dawo na tambayi Hajiya ko da gangan ta sa a kai musu kifin nan.

Ta ce, "Ni dai ƙanena ya kawo tsaraba, ban so a ɓoye masa ita ba."

Na ce, "Hajiya."

Ta rufe ido tana murmushi.

Mun je Zariya a makon da ya biyo baya, Hafsatu, kina tare da mu. Abin da suka faɗa kin ji shi, kuma kin ɗauka da an zo da wuri da an ji wani abu dabam. Da ba a ji ba. Muka dawo gida, sai jira. Takardu suna yawo tsakanin ofisoshi, ba a saki kowa ba. Jikinta yana ta raguwa, abinci ya koma cokali biyu na kunu. Babu tarho a gidan nan a lokacin, sai a shagon Alhaji Mamman, don haka kullum nakan tafi Sabon Gari in zauna kusa da wayar. Abokaina da suka ce ba za a yi ba suka daina tsokanata, har suna matsa mini kujera. In na dawo, kafin in cire takalmi sai in ji muryarta:

"Alhaji, an sako su?"

In ce, "Tukuna."

Wata rana ƙanwarki Bilkisu ta tare ni a tsakar gida tana kuka, ta ce in ce mata an sake su mana, me zai rage? Na fahimci tausayinta. Amma ban taɓa isar wa kowa maganar da ba a faɗa ba, ba kuwa zan fara da matar da ta fi kowa sanin muryata ba. Na ci gaba da cewa tukuna, ita kuma ta ci gaba da tambaya, kuma ina ganin tambayar ce take tashe ta kowace safiya.

Ran nan da hantsi wayar ta yi ƙara, Alhaji Mamman ya ɗauka ya miƙo mini. Muryar Baba Hunsu ce, a bayansa hayaniya kamar ta kasuwa. Ya ce suna bakin iyaka, an kawo na can an kawo na nan, kowa ya tsallaka. Sa'an nan ya ce ga mai son magana. Sai na ji mace tana kuka tana kiran sunan Hajiya, tana maimaita wata kalma da na sani, wadda take nufin ya dawo. Ni da ban taɓa hawa babur ɗin haya ba a rayuwata, don ina ganin bai dace da shekaruna ba, ranar na tattara babbar riga na hau. Ke ce a ɗakin, Hafsatu, kina yi mata fifita. Ban jira tambaya ba. Na ce an sako su, kuma na ji muryar Senami da kunnena.

Hawaye ya gangaro zuwa kunnenta. Sa'an nan ta lalubo hannunki ta ce:

"Matar da ta fara riƙe ki a duniya ta samu ɗanta. Tashi ki damo mini fura, da nono mai yawa."

Kin dama, ta tashi zaune da kanta, ta shanye. Kin yi ta murna kina cewa sauƙi ya zo, ni kuma na fita zaure don kada ki ga fuskata.

Allah Ya karɓi abinsa da damina ta zauna. Bayan haka an yi babban taro a ɗaki mai tutoci, manya suka sa hannu a kan abin da aka riga aka ja a rairayin Kekun Waje. An gayyace ni, ban je ba. Ranar wannan taro tana cikin takardun gwamnatocin biyu, ba sai na rubuta ta ba. Ban rubuta wannan babi don ku ce na yi daidai ba. Na rubuta don ku san cewa mahaifiyarku ba a jinkirta ta ba, ita ta zaɓi abin da za ta yi da kwanakinta, kuma ta ga ƙarshensa da ranta. Hafsatu, haushin da kika riƙe ita ta ba ki shi ki riƙe, don ya fi fid da rai sauƙin ɗauka. Yanzu kina iya ajiye shi. Abin da nake so ku rubuta, ku kuma koya wa 'ya'yanku, ita ce ranar da Hajiya Rabi ta tashi zaune ta sha fura: Alhamis ta ƙarshe ta watan Muharram, shekarar 1997.